Malam-buɗe-littafi mai bindin tsattsewa: ma'anar sunan da yadda za ka yi amfani da shi daidai

Ɗiyar ƙanwata ce ta jawo wannan rubutun. Tana aji biyu a ƙaramar sakandare, an ba su aikin gida su nemo Hausar wasu sunayen ƙwari, sai ta zo ta same ni da yamma ina zaune a tsakar gida nan Tudun Wadar Zariya ta ce "Kawu dan Allah mene ne swallowtail?" Na ce mata malam-buɗe-littafi ne. Ta duba takardarta ta ce a'a Kawu ai wannan na riga na rubuta shi a layin sama, wannan kalmar daban take kuma malama ta ce kar wanda ya maimaita amsa. To gaskiyar yarinyar ne fa. Mu duk wanda ya taso da fukafukai masu launi yana buɗewa yana rufewa suna ɗaya muke kiransa da shi, babba da ƙarami, fari da baƙi, na kan tumfafiya da na kan lemu, duk malam ne. Sunan yana da daɗi kuma ya dace da shi, dan in ya sauka kamar littafi ake buɗewa ana rufewa, amma ranar da kake son ware iri ɗaya daga cikinsu sai ka ga sunan ya yi maka faɗi.

Bari mu fara da fasa kalmar, dan a nan ne da yawa suke zamewa. Kalma biyu aka haɗa, swallow da tail. Ta biyun bindi take nufi, ba rigima. Ta farkon ce mai fuska biyu, dan a Turanci swallow tana nufin haɗiya, shi ya sa ma a gidajen abinci na Sabon Gari da Samaru in an ce swallow tuwo ko teba ko sakwara ake nufi, kuma tana nufin tsattsewa, tsuntsuwar nan 'yar ƙarama mai gudun tsiya a sama wadda take cafke ƙwari tana tafe, take gina sheƙarta da laka a ƙarƙashin rufin zaure ko masallaci ko ƙasan gada. Na ga wanda ya zuba kalmar a manhajar fassara ta waya ta ba shi "haɗiye wutsiya" kuma haka ya kwafa ya rubuta. Babu wani abu da ake haɗiyewa a nan. Tsuntsuwar ake nufi. In ka ɗaga kai da yamma ka kalli tsattsewa za ka ga bindinta ya rabu biyu kamar almakashin da aka ɗan buɗe, to wasu malam-buɗe-littafin suna da wani ɗan tsini da ya zarce a ƙarshen kowane fiffike na baya, in suka buɗe sai tsinayen biyu su ba da wannan siffar ta tsagaggen bindi. Daga nan sunan ya fito. Jamusawa ma haka suke kiran nasu, da kalmar da ke nufin bindin tsattsewa sak.

Saboda haka ni abin da nake cewa da Hausa shi ne malam-buɗe-littafi mai bindin tsattsewa.

Wani zai ce me ya sa bindi, ba wutsiya ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban aji ya san amsar. Wutsiya Hausa ce tsantsa kuma daidai take, amma tana da wata ma'ana ta biyu da kowa ya sani, kana furta ta a gaban yara 'yan shekara sha uku shikenan darasin ya watse sai ƙus-ƙus da dariya. Jela ma ta yi, in da ita ka saba sai ka ce mai jelar tsattsewa, ka lura da r ɗin dan jela mace ce. Mu a nan bindi ya fi zama a baki. Ka zaɓi ɗaya ka tsaya a kanta cikin rubutu ɗaya, kar ka fara da bindi ka koma jela a tsakiya mai karatu ya ɗauka ƙwari biyu kake magana a kai.

Yanzu ga abin da ya fi komai muhimmanci, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubutun nan maimakon in ba yarinyar amsa layi ɗaya in huta. Wannan suna sunan gida ne, ba kwatancen jiki ba ne. Ka duba gidajen sarautar Zazzau guda huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. In aka ce wane ɗan gidan Katsinawa ne ba ana nufin a Katsina aka haife shi ba, wataƙila a cikin ganuwar Zariya aka haifi kakan kakansa, asali sunan yake nunawa. Kuma Bakatsinen da ya sauka jiya a tashar Kwangila bai zama ɗan wannan gidan ba dan kawai daga Katsina yake. To haka abin yake a nan. Masana ƙwari suna da wani dangi da suke kira Papilionidae, iri sama da 550 ne a duniya, mafi yawansu a ƙasashe masu zafi, duk ɗan wannan dangin ana kiransa da sunan ko yana da bindin ko ba shi da shi. Kuma akwai masu bindi zar a jikinsu da ba 'yan gidan ba ne.

Misali mafi kusa yana bayan ɗakinka in dai kana da bishiyar lemu. Wannan babban baƙin mai ɗigo-ɗigon ruwan ɗorawa da yake zagaya lemun tsami da lemun zaƙi, faɗinsa in ya buɗe ya kai kusan santimita 10, yana da wasu zagaye kamar idanu a fukafukan baya, biyu a kowane gefe, ɗaya mai shuɗi a sama ɗaya mai ja a ƙasa, sunansa na kimiyya Papilio demodocus. Shi ne ɗan gidan da muka fi gani a Zariya kuma yana ko'ina a Afirka kudu da Sahara. Ka kama hotonsa ka zuƙo ka duba da kyau, ba shi da bindi. Gefen fiffiken nasa na baya yana da 'yan lanƙwashe-lanƙwashe kamar bakin zanin da aka yi wa ado amma ba wani tsini da ya fita. Haka wanda ya fi kowane malam-buɗe-littafi girma a Afirka, Papilio antimachus, wanda faɗinsa kan kai santimita 23 kuma yake zaune a manyan kurmin Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, shi ma ba bindi. Wanda ya fi kowa girma a duniya gaba ɗaya, na ƙasar Papua New Guinea, macensa kan haura santimita 25, ɗan gidan ne shi ma kuma haka yake ba bindi. Akwai wani fari da baƙi da tsutsarsa ke cin ganyen gwandar daji, Graphium angolanus, kana iya cin karo da shi in ka fita bayan gari wajen dutsen Kufena ko hanyar Shika, shi ma ɗan gida ne marar bindi, alhali 'yan uwansa na kusa a cikin Graphium ɗin su ne masu bindi mafi tsawo da siranta har ana kiransu masu bindin takobi.

Sai kuma baƙin da suke shigowa da kama. Lokacin mangwaro in ka ga wani ƙaƙƙarfa mai kaurin ƙirji ya sauka kan ruɓaɓɓen mangwaro ko kashin dabba, yana tashi fuuu kamar an harba shi, da 'yan tsinaye har biyu a kowane fiffike na baya, wannan Charaxes ne, wani dangi daban. Da kuma 'yan mitsi-mitsin nan masu shuɗi-shuɗi da ake gani a gonar wake, masu ɗan bindi siriri kamar zare, su ma daban suke. Kar ka kira su da sunan nan ko da kuwa bindin nasu ya fi fitowa.

To in bindi ba ya raba gardama, da me za ka gane ɗan gidan?

Ka fara da eriyar kansa dan ka tabbatar ma malam-buɗe-littafi ne ba faɗa-wuta ba. Na malam siririya ce mai ɗan kumburi a ƙarshe kamar kan ashana, na faɗa-wuta kuwa ko kamar gashin tsuntsu ko zare marar kai, kuma su galibi da dare suke yawo suna rububin ƙwan lantarki. Bayan nan ka duba girma, 'yan gidan nan yawancinsu manya ne. Sai ka ƙirga ƙafafun da ya tsaya a kansu in ya ba ka dama, ɗan gidan nan da shida yake tsayawa, shi kuwa Charaxes da wannan mai ruwan goron na kan tumfafiya da huɗu suke tsayawa dan na gabansu biyu sun ƙanƙance sun naɗe a ƙirji. Wannan kaɗai bai isa ba fa, dan fararen nan da masu ruwan ɗorawa ƙanana da suke taruwa a bakin kwata su ma shida ne. Alamar da na fi dogara da ita daga nesa ita ce yadda yake shan ruwan fure. Sauran sukan sauka su natsu, su rufe ko su buɗe, shi kuwa ɗan gidan nan ƙafarsa na kan fure amma fukafukan gaba ba sa daina karkarwa, kamar mai sauri da ya tsaya shan ruwa a tsaye bai ko zauna ba. In ka lura da wannan sau biyu sau uku idonka zai riƙe shi har abada.

Amma hujjar da ba a musu da ita a jikin tsutsar take. Duk tsutsar 'yan gidan nan tana da wani abu a ɓoye a bayan kanta, in ka ɗan taɓa ta da tsinke sai ta ɗago ta fito da wani nama mai ruwan goro ko ja-ja mai reshe biyu kamar harshen maciji, tare da wani wari mai hawa kai kamar ɓawon lemun da ya lalace, in ka ƙyale ta sai ta mayar da shi ciki. Masana suna kiransa osmeterium, kuma a duk malam-buɗe-littafin duniya wannan dangin ne kaɗai ke da shi. Kenan tsagar da kowane ɗan gidan yake da ita ba a bindin babban take ba, a wuyan tsutsar take. Na sha jin ana ce wa yara su gudu wai harbi take da shi. Ba ta harbi, ba ta cizo, ba irin gizaka ba ce mai gashin ƙaiƙayi, tsoratar da tsuntsu da kiyashi da zanzaro kawai take yi. Ka dai wanke hannu bayan ka taɓa dan warin yana kama yatsa.

In kana son sunan ya zauna a kan yaro, ko a kanka kai ma, ka reni tsutsa ɗaya. Wallahi babu bayanin da ya kai wannan, kuma ba ya cin ko sisi. Ka je wajen bishiyar lemu da safe ka duba toho, wato sababbin ganyen nan masu laushi na ƙarshen reshe, a nan macen take ajiye ƙwai ɗaya-ɗaya, zagayayye ne fari-fari mai ɗan ruwan ɗorawa bai kai ƙwayar gero ba, kuma cikin kamar kwana shida yake ƙyanƙyashewa. In ba ka ga ƙwai ba ka nemi abin da ya yi kama da kashin tsuntsu a saman ganye, baƙi-baƙi ko ruwan ƙasa da ɗan fari a tsakiya, ka matsa kusa ka duba, sau da yawa ba kashi ba ne, ƙaramar tsutsar ce ta yi wannan shigar dan tsuntsu ya wuce ta. Ka tsinko ganyen da take kai gaba ɗaya, kar ka ɓamɓaro ta da yatsa. Ka samu babbar kwalba ko robar alewa mai haske wadda aka wanke ta bushe, ka shimfiɗa takarda a ƙasa, ka sa ganyen ciki, ka tsayar da ɗan kara ko busasshen reshe a jingine, sannan ka rufe bakin da ƙyallen tsohon gidan sauro ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi. Ka wanke ƙyallen sosai tukuna, ko ma ka nemi wanda ba mai magani ba, dan gidan sauron da ake rabawa da maganin ƙwari a jikinsa kuma tsutsar ma ƙwaro ce. Kullum ka sa sabon ganye daga bishiyar da ba a yi wa feshi ba, ka zubar da kashin da ya taru ka canza takardar, ka ajiye a inuwa. Kuma dan Allah ka ɗora kwalbar a cikin faranti mai ɗan ruwa. Ta farkon da muka rena a bakin taga na bar ta ba farantin, da safe muka tarar kiyashi sun shiga ta ƙasan ƙyallen sun gama da ita, yarinyar ta yi kuka sosai ni ma abin ya tsaya min a rai dan saura kwana kaɗan ta rikiɗa.

Za ka ga tana saɓa kamar maciji tana ƙara girma, har ranar da za ta yar da shigar kashin tsuntsun ta koma koriya shar mai santsi, da wasu zane a gaba kamar idanu, tsawonta ya kai santimita huɗu da rabi. A wannan matakin ci take ba wasa, ganye biyu uku a yini ba komai ba ne a wajenta. Sai wata rana ta daina ci ta kama zagaye kwalbar, kar ka ɗauka ciwo ne, wuri take nema. Za ta hau karan nan ta manne ƙarshen jikinta, ta zagaya wani zare a tsakiyarta kamar mai hawan giginya ya ɗaura igiya a ƙugu, kanta na kallon sama, washegari ko jibi ka tarar ta zama wani ƙunshi mai tauri, kore ko ruwan ƙasa. Ba ta saƙa gida irin na tsutsar tsamiya da ake samun zaren aikin babbar riga daga gare ta, waccan ta faɗa-wuta ce. Daga nan sai haƙuri, sati biyu zuwa uku, in hunturu ya shigo yakan fi haka. Ranar da zai fito, galibi da safe, fukafukan a cukurkuɗe suke a jiƙe kamar tsumma, kar kowa ya taɓa shi kar a ce za a taimaka masa, yana buƙatar ya rataya awa ɗaya ko biyu su miƙe su bushe, in aka dame shi a lokacin haka zai tabbata a nakashe. In ya fara buɗewa yana rufewa sai ka cire ƙyallen ka kai shi gindin bishiyar.

Wajen sa sunan a magana kuwa, abin da sauƙi. Farkon ambato ka kawo shi cikakke, malam-buɗe-littafi mai bindin tsattsewa, bayan nan ka gajarta ka ce mai bindin tsattsewa kawai. Wani daɗin da sunan ya zo da shi shi ne jam'i, dan malam-buɗe-littafi ba shi da jam'i mai daɗin faɗa sai dai a ce su malam-buɗe-littafi, amma nan kai tsaye sai ka ce masu bindin tsattsewa. In dangin gaba ɗaya kake nufi ka ce dangin masu bindin tsattsewa, in wani iri ɗaya ne ka jingina shi da abincin tsutsarsa, mai bindin tsattsewa na lemu, ko na gwandar daji, wannan ya fi a ce baƙin ko farin dan launi yana ruɗarwa. Kana iya cewa "masu bindin tsattsewa sun yi yawa a lambun nan bana" ko "wannan tsutsar ta mai bindin tsattsewa ce, ka ga ta fito da ƙahonta". Sunan namiji ne a nahawu, ya tashi, ya sauka, in kana son bambancewa sai ka ce macen ko namijin. A rubuce ka sa karan ɗori a malam-buɗe-littafi dan kar a ɗauka umarni kake ba wani malami, amma mai bindin tsattsewa ba ya buƙatar karan. In aikin makaranta ne ka ƙara sunan kimiyya sau ɗaya, kalmar farko da babban baƙi ta biyu da ƙarami, Papilio demodocus. Ita Papilio ɗin kalmar Latin ce mai nufin malam-buɗe-littafi kawai, kuma Linnaeus ɗan ƙasar Suwidin da ya tsara sunayen a 1758 duk malam-buɗe-littafin da ya sani a ƙarƙashin wannan suna ɗaya ya zuba su kamar yadda muke yi, daga baya ne aka yi ta rarrabawa har sunan ya rage wa wannan gidan.

Maganar mace da namiji ta tuno min da wani ɗan gidan da ya kamata ka sani, Papilio dardanus, wanda ya fi son kurmi, sai ka gangara kudu za ka fi ganinsa. Namijin fari ne mai ɗan ruwan ɗorawa da baƙin gefe, da bindinsa cas. Macen kuwa a yawancin Afirka ba ta da bindi kuma ba ta ma kama da mijin, kamannin wasu malam-buɗe-littafi masu ɗaci take ara, har da irin na kan tumfafiyar nan wanda tsutsarsa ke tara dafin ganyen a jikinta tsuntsaye suke gudunsa. Wani likita a Liverpool ta Ingila mai suna Cyril Clarke da abokin aikinsa Philip Sheppard sun yi shekaru suna kiwon wannan irin dan su gane yadda ake gadon kamannin, kuma wannan binciken gadon ne ya ja hankalin Clarke zuwa rukunin jinin Rh na mutane, har a shekarun 1960 aka kai ga allurar nan da ake yi wa mace mai jini negetif bayan haihuwa dan kare jariran da za ta haifa a gaba. Duk lokacin da wani ya ce min kallon ƙwari aikin marasa aikin yi ne wannan labarin nake ba shi.

Shi kansa bindin, ga masu shi, ba ado ba ne kawai. Masu bincike a Faransa sun fitar da sakamako a 2022 kan wani iri na Turai, suka nuna tsuntsaye sun fi kai sara wajen bindin, kuma wajen ya fi saurin yagewa, tsuntsu ya tafi da guntun fiffike shi kuma ya tsira da ransa. Dan haka in ka ga wani da bindi ɗaya ko ba ko ɗaya kuma gefen a yage, kar ka yi saurin cewa wani iri ne daban.

Akwai inda ban ba ka shawarar ka fara da dogon sunan nan ba, wato wajen manoma. Na taɓa zuwa sayen dashen lemu a wani lambu a bakin kogin Galma, na tarar da dattijon yana bin 'yan dashen ɗaya bayan ɗaya yana tsince wani abu yana jefawa a gwangwani. Na ce "Baba sannunku da aiki, me ake tsinta haka?" Ya ce "Yawwa ɗana, tsutsar lemu ce ta hana ni sakat, in na bar ta kwana uku sai dai in tarar da tsinke." Muna tsaye sai ga babban baƙin nan yana zagaya dashen yana ɗan dafa ganye yana tashi, na ce Baba kun ga uwarsu nan, ƙwai take ajiyewa. Ya tsaya ya bi shi da kallo, ya je ya juya ganyen da ya dafa ya ga ƙwan da idonsa, ya ce shekara nawa yana wannan aikin yana ganin su biyun kullum. To ka ga a irin wannan wurin tsutsar lemu shi ne sunan da ke aiki, da shi za ka fara, in hira ta yi nisa sai ka kawo na gidan. Kuma abin da dattijon yake yi shi ne daidai, dashe da ƙananan bishiyoyi su ne tsutsar ke iya yi wa illa sosai, tsincewa da hannu duk bayan kwana biyu tare da murje ƙwan ya wadatar in lambun ba babba ba ne, ruwan 'ya'yan dogonyaro da aka daka aka jiƙa aka tace shi ma yana rage musu ci. Babbar bishiya kuwa ganyen da za su ci ba zai hana ta 'ya'ya ba, ni ban ga dalilin da zai sa mutum ya yi wa bishiyar tsakar gida feshin magani mai ƙarfi saboda tsutsa biyar ba, ga yara ga kaji ga ƙudan zuma da ke zuwa furen. In abin ya fi ƙarfin hannu a babbar gona, muna da gata a garin nan, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR a Samaru wadda tushenta ya faro tun 1922, ga malaman gona na NAERLS, cibiyar da ke kai wa manoma sakamakon bincike, ka ɗauki tsutsar a kwalba ka kai a gani kafin ka sayi magani.

Abu na ƙarshe ga masu fassara, kalmar Turancin ba ta ƙwaro ba ce shi kaɗai, duk abin da ƙarshensa ya tsage biyu suna iya kiransa da ita. Akwai kwat ɗin nan ta Turawa mai gajeren gaba da dogon baya a tsage da masu jagorantar makaɗa ke sawa, akwai tuta mai tsagaggen baki irin ta jihar Ohio a Amurka da ta sojan ruwan Denmark, akwai tsuntsaye da ake laƙaba wa siffar. In ka ci karo da kalmar ka karanta jimlar da ke gabanta da ta bayanta tukuna, in maganar tufafi ake ka ce kwat mai tsagaggen baya, in tuta ce ka ce tuta mai baki biyu, kar ka cusa malam-buɗe-littafi a inda tela ake nema.

Yarinyar dai ta rubuta malam-buɗe-littafi mai bindin tsattsewa a takardarta, ta ƙara a ƙasa da ƙaramin rubutu cewa na bishiyar lemun gidan kawunta ba shi da bindi amma ɗan gidan ne. In kana son ka gan su da yawa ka fita tsakanin ƙarfe goma na safe zuwa azahar, daga tsakiyar damina har zuwa watan Oktoba lokacin da lemu ke ta fitar da toho, ka duba bishiyoyin lemu da wuraren fure, ka kuma duba bakin rafin Kubanni inda ƙasa ke da damshi dan mazan sukan sauka a kan laka suna tsotsar gishirin da ke ciki, a nan ne suke daɗewa a wuri ɗaya har ka samu ka ƙirga ƙafafun.